Ruwan Laka a Gindin Madatsa

Barcin da ya kwashe Injiniya Haladu ranar Alhamis ɗin nan bayan azahar ba na ƙoshi ba ne, na wanda damuwa ta gama gajiyarwa ne. Ya idar da salla a ofishinsa na Ministan Ruwa, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa a kan darduma kafin ya koma kan tebur. Abin da yake gudu a kan teburin kuwa takarda ce guda ɗaya tak, wadda ta kwana tara tana jiran sa hannunsa.

Takardar izini ce ta rufe ƙofofin sabuwar madatsar ruwa ta Kwarin Gawo, domin ruwan damina ya taru ya cika ta. Shugaban ƙasa yana so ya je ya buɗe ta tana cike taf kafin zaɓe, a ɗauke shi hoto yana nuna ruwa da sanda. Kowa a gwamnati ya yarda aiki ya yi kyau, ban da mutum ɗaya. Ranar da Haladu ya je dubawa, ya bar 'yan rakiya a saman bango suna ta yaba tsawo da faɗi, ya gangara gindi shi kaɗai, ya tarar ɗan ruwan da ya fara taruwa yana tsattsafowa ta ƙasa. Tsattsafo ba abin tsoro ba ne, kowace madatsar ƙasa tana yi, muddin ruwan garau yake fita. Amma da ya tara tafin hannunsa sai ya ga ruwan ja ne, da laka a ciki. Ɗan kwangila ya yi sauri, bai daddaɓe ƙasar hawa-hawa yadda aka tsara ba, ga shi ruwa yana cin bangon ta ciki. Shekara ashirin da shida Haladu ya yi yana wannan aiki kafin siyasa ta kira shi, ba ya bukatar kowa ya fassara masa abin da ya gani. Ƙasa da bangon kuwa, tafiyar rabin sa'a a ƙafa, akwai ƙauyen Kwarin Gawo mai gida ɗari huɗu da 'yan kai.

Ya goge hannunsa a jikin riga, ya hau sama, aka tambaye shi yaya ya gani, ya ce, "Ba laifi." Tun daga ranar bai ƙara yin barcin kirki ba. Yau da safe kuma aka aiko daga fadar shugaban ƙasa cewa in la'asar ta yi babu sa hannu, to akwai masu son kujerar. Haladu kuwa yana son kujerarsa, kada ma mu ɓoye masa. Yana kwance yana lallashin zuciyarsa cewa wataƙila daminar bana ba za ta yi ƙarfi ba, barci ya yi gaba da shi.

Sai ya ji an taɓa ƙafarsa. Ya buɗe ido ya ga mahaifinsa, Malam Tanimu magini, wanda ya rasu shekara bakwai da suka wuce. Yana nan yadda ya san shi, da 'yar taguwarsa ta aiki, da busasshiyar laka har gwiwar hannu.

Tsohon ya ce, "Tashi, Haladu. An ce in zagaya da kai."

Haladu ya ce, "Baba, Lahira za mu?"

"Abin da ke can ba a ba ni izinin faɗa ba. Wannan misali ne aka buga maka gwargwadon abin da hankalinka zai ɗauka. Taho."

Suka fita ta ƙofar ofis, amma maimakon matattakala sai ga su a bakin wata ganuwa da ba a ganin samanta. A gefen ƙofar an tara kaya tsibi-tsibi: manyan riguna masu aiki, huluna, sandunan girma, tutocin gaban mota, da jiniyoyi jibge sun yi tsit. Wani mai gadi yana zaune, ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce, "Mece ce sana'arka?"

Haladu ya gyara tsayuwa ya ce, "Minista ne ni."

Mai gadin ya ce, "Wannan kujera ce aka ara maka. Me hannunka ya iya kafin a zaunar da kai?"

"Injiniya ne ni. Ruwa nake tarewa."

"Ajiye rigar, ka shiga."

Birnin a ciki an tsara shi kamar kasuwa, kowace sana'a da layinta, sai dai babu ciniki babu hayaniyar murna. Malam Tanimu ya ce masa duk wanda ke nan ya taɓa riƙe al'umma, babba ko ƙarami, kuma ba da muƙaminsa ake ajiye shi ba, da aikin da ya taso a cikinsa.

A layin farko suka tarar da wani dogon mutum cikin kaki, tsaye ƙyam a tsakiyar fili, rana tana dukansa. A gabansa jerin mutane ne da ba a hango ƙarshensa: manoma, direbobi, malaman makaranta, matan da aka kulle mazajensu. Kowa ya iso sai ya kai bakinsa kusa da kunnen mutumin, ya faɗi maganarsa tun daga farko har ƙarshe, a hankali, babu gaggawa. In mutumin ya buɗe baki zai daka tsawa, sai muryar ta maƙale, jerin kuma ya koma farko.

Haladu ya ce, "Baba, wannan me ya yi?"

"Soja ne, kuma sojan kirki a fagen fama. A bariki ya koyi cewa in an ba da oda ba a tambayar dalili. Can kuwa haka ya kamata, don in kowa ya tsaya musu sai a hallaka. Da ya hau mulki sai ya ɗauka ƙasar duka bariki ce. Har ranar shuka ya sa da doka. Ruwa bai sauka ba, manoma suka ƙi zuba irinsu a busasshiyar ƙasa, ya sa aka kwashe su. Shekara goma sha uku babu wanda ya isa ya ce masa amma. Maganganun da ya hana a faɗa ne waɗannan, an adana masa su, ko ɗaya ba ta ɓata ba."

Suka wuce wani ƙaton shago wanda babu komai a kan katakansa. Mai shagon, wani ƙaƙƙarfan attajiri, leɓɓansa sun tsattsage don ƙishirwa. Ga rijiya a ƙofar shagon, ruwa yana ƙyalli a ciki. Da ya zura guga sai wani hannu ya riƙe igiyar, a ce masa, "An sayar, Alhaji." Ya rarrafa inuwar bishiya, a ce, "An sayar." Malam Tanimu bai jira tambaya ba, ya ce wannan tun yana saurayi bai taɓa kallon abu ya ga mai amfani da shi ba, sai dai ya ga mai saye. A kasuwa wannan idon ne ya ɗaukaka shi. Da aka ba shi ƙasa, sai ya kalli burtalin shanu da filin makaranta da asibitin gari da wannan idon, har gefen maƙabartar garinsu bai bari ba.

Wanda suka tarar a gaba, da farko sai da ya kusa ba Haladu dariya. Wani siririn mutum ne da baƙar riga da farar hular gashi irin ta kotu, yunwa ta lanƙwasa shi, ga akushin tuwo da miyar kuka a gabansa yana tururi. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya miƙa yatsu, sai wata murya ta ce, "An ɗage zama sai bayan wata uku." A ɗauke akushin. In an dawo da shi, ya sake wanke hannu, sai muryar ta ce, "An kafa kwamiti ya binciki ko yunwa ce da gaske."

Malam Tanimu ya ce, "Haɗiye dariyarka. Lauya ne, bakinsa ya kuɓutar da mutane da yawa daga zalunci lokacin yana kotu. Amma ya saba da duniyar da komai yana iya jira a cikinta. Shekarar fari hatsi yana rumbun gwamnati, shi yana gyara kalmomin takardar rabo. Kafin ya gamsu da takardar, ƙauyuka sun gaji da haƙa ƙananan kaburbura."

Dariyar Haladu ta koma ciki.

Layi na gaba ya fi kowanne cika, ya kuma fi kowanne ihu. A nan aka tara waɗanda mai gadi ya tambaye su sana'a suka yi tsuru-tsuru, domin ba su taɓa yin komai ba sai riƙe jakar maigida, da tara masa jama'a, da iya tafi a inda ya dace. Haladu ya leƙa wani ɗaki ya ga mutum ɗaure a kan gadon asibiti, an yaye masa ciki. A kansa wani ne tsaye da wuƙa, yana jujjuya ta yana tambayar ta wane gefe ake farawa. Na kan gadon yana ta kururuwa, "A kira wanda ya iya! Don girman Allah a kira wanda ya iya!" Ana ba shi amsa cikin ladabi, "Haba ranka ya daɗe, ai ɗan gida ne. Ya sha wahala lokacin yaƙin zaɓe, ba a bar shi haka ba."

"Wannan fa, Baba?"

"Na kan gadon, an ba shi ma'aikatar lafiya don ya iya kirari. Ya san bai iya ba, ya karɓa, ya kuma kori waɗanda suka iya don kada su gane shi. Ka ga wancan mai riƙe musu fitila? Shi ya naɗa shi. In an gama da wannan, shi zai hau gadon."

Da suka fito daga layin, Haladu ya sauke ajiyar zuciya. Wani ɗan sanyi ya shige shi, irin na mutumin da ya duba jerin masu laifi bai ga sunansa ba. Ya ce, "Alhamdu lillahi, Baba, ni dai ba na cikin waɗannan. Ruwa na karanta, ruwa aka ba ni." Malam Tanimu ya dube shi, ya ci gaba da tafiya.

Suka ratsa ta gefen wani lambu mai inuwa, iska mai daɗi tana fitowa daga ciki. Mutanen ciki ba su da yawa. Haladu ya hango wata dattijuwa da alli a yatsunta tana hutawa, kusa da ita wani tsohon soja, can kuma wani ɗan kasuwa yana alwala a bakin ƙorama. Mamaki ya kama shi, ya ce ashe akwai soja da ɗan kasuwa a nan ma.

Tsohon ya ce, "Sana'a ba ta kai kowa ko'ina ba. Kowace sana'a tana buɗe wa mutum ido ɗaya ta rufe masa ɗaya. Sojan can ya san horo ya iya, sai ya fara da kansa da 'yan gidansa, abin da bai sani ba kuma ya zauna ya tambayi manomi. Malamar can da aka ba ta makarantun ƙasa, 'ya'yanta ta fara kaiwa makarantar gwamnati, suka zauna a ƙasa tare da 'ya'yan kowa har aka samu benci. Ba mu da zama a nan, Haladu. Inda aka aike ni da kai yana ƙasa."

Suka kama wata matattakala mai gangarawa. Suna sauka ihun sama yana raguwa, har ya ɗauke ɗif. A nan ƙasa babu mai kuka babu mai roƙo, shirun wurin ya fi ihun can tayar da hankali. Haladu ya ga wani likita kwance, zazzaɓi yana girgiza shi, ana miƙo masa ƙwayar magani. Ya juya ta a tafin hannu, ya gane garin alli ne aka dunƙule, ya rufe ido ya haɗiye. Ya ga wani masanin noma durƙushe a gona yana binne iri, ya san irin matacce ne don shi ya gwada shi da hannunsa, amma yana shukawa yana zaman jiran tsiro, cikinsa yana kiran ciroma. Ya ga wani malamin jami'a an ɗora masa tarin takardun shaida a ka, na ɗaliban da ya sa wa hannu alhali ya san ba su iya komai ba, nauyin yana nutsar da shi cikin ƙasa kaɗan-kaɗan.

Muryar Haladu ta yi ƙasa, ya ce, "Su wane ne waɗannan?"

"Waɗanda suka sani."

"Me ya sa ba sa kuka?"

"Na sama kowa yana da abin cewa. Wani zai ce ban gane ba, wani zai ce ba a gaya mini ba. Na nan da me za su buɗe baki?"

"To me ya sa aka kai su ƙasa da jahilai, Baba? Ai ko ba komai sun yi karatu, sun yi wa ƙasa aiki."

"Wanda bai iya ba, mutane suna ganinsa suna kaffa-kaffa da shi, kowa ya nemi mafitarsa. Wanda ya iya kuwa, saninsa ne yake sa a saki jiki. Da amanar da aka ba wa sanin ya yanka su."

Haladu ya waiwayi matattakalar. Yana so su koma, amma tsohon ya yi gaba, ya bi shi. Suna tafe ya fara jin ƙamshin ƙasa irin na gabanin ruwa, sama ta yi baƙi da hadari.

Malam Tanimu ya ce, "In na gama soro, ba na miƙa wa mai shi sai ruwa mai ƙarfi ya sauka ina kwance a ciki. Mahaifiyarka ta sha yi mini faɗa a kan haka, ta ce wata rana gini zai danne ni in bar ta da marayu. Ba jarunta ba ce. Halin kaina na sani. In na san wani ne zai kwana a ciki, hannuna zai iya yin sauri wurin jera azara. In na san ni ne, ba zai yi ba." Ya tsaya ya juyo. "Kai a ƙarƙashin wanne ka taɓa kwana, cikin duk abin da ka gina?"

Suna shan kwana sai ga bangon a gabansu. Ya gane shi nan take, madatsar Kwarin Gawo ce, cike maƙil, ruwa yana lasar bakinta. A gindinta jan ruwa yana ɓulɓulowa, yanzu kaurinsa ya kai cinyar mutum. Ga ƙauyen kuma an matso da shi har jikin bangon. La'asar ce sakaliya, mata suna daka, ana kora awaki gida, wani yana gyaran danga, wata tana kwashe shanya kafin ruwa ya sauko. Babu wanda ya ɗaga kai ya kalli bangon.

Haladu ya ruga cikinsu yana ɗaga hannu. "Ku tashi! Ku hau tudu! Bangon nan zai tafi!"

Suka dube shi suna murmushi, suna yi masa sannu da zuwa. Wata tsohuwa da ke ɓarar gyaɗa a ƙofar gidanta ta sa hannu ta kare ido, ta ƙare masa kallo, fuskarta ta washe.

"Lale, lale! Ashe Injiniya ne da kansa. Ni ce Iya Tasalla, wadda ta kawo maka fura ranar da aka sa harsashi. Zauna mana, ɗan nan."

"Iya, ba zama ya kawo ni ba. Ki tashi, ki tara jikokinki, ku hau tudu yanzu-yanzu!"

Ta yi dariya ta ci gaba da ɓararta. "Haba Injiniya, wasa kake. Ai kai ka ce mu zauna."

Nan take abin ya faɗo masa. Shekara biyu da suka wuce, ranar da aka sa harsashin madatsar, ya tarar mutanen ƙauyen sun fara ƙaura da kansu. Ba su yarda da aikin gwamnati ba, sun ga gadoji da yawa da ruwan farko ya tafi da su. Abin ya sosa masa rai, ya hau bayan mota ya karɓi lasifika ya ce musu shi ba ɗan siyasa ba ne, injiniya ne, kuma ɗan magini, bangon da ya sa wa hannu ba ya faɗuwa, kowa ya zauna a gidansa. A ranar da gaske yake, har zuciyarsa.

Iya Tasalla ta ce, "Wallahi da wani ne ya faɗa, da tuni muna kan tudu. Ɗana har ya buga tubali a can, muka bar shi damina ta narkar. Mai gari ya tara mu ya ce wannan ba irin waɗancan ba ne, wannan ya san aikin. Ni kuwa da na ji an ce ɗan magini ne, na ce shi ke nan, a sauke kaya. Magini ai ba ya wasa da ran mutane."

Haladu ya waiwaya. Mahaifinsa yana tsaye, hawaye suna bin gemunsa. Tunda yake bai taɓa ganin tsohon nan yana kuka ba, ko ranar da aka binne mahaifiyarsu.

Malam Tanimu ya ce, "Har da sunana ka zaunar da su."

Bangon ya yi wata ƙara daga ciki, mai nauyi, wadda kunnen Haladu kaɗai ya san ma'anarta. Ya ruga ya danna tafukansa biyu a bakin ramin, laka tana tsartuwa ta tsakanin yatsunsa, ramin yana faɗaɗa. Ya sa ƙirjinsa, ya sa kafaɗa. Da ya ga babu dabara sai ya juyo yana haki ya ce, "To na yarda, Baba. A bar ni a nan, ruwan ya fara da ni."

"Ba haka hukuncinka yake ba. Ranar da abin zai faru kana babban birni, a ɗaki mai sanyi. Ba ka jiƙe a can ba, ba za ka jiƙe a nan ba. Za ka tsaya ka gani, kana sane da dalilin kowace tsaga, kana sane da ranar da ya kamata ka yi magana. In ruwa ya janye, a mayar da bangon, a mayar da su, Iya Tasalla ta sake yi maka lale."

Bangon ya buɗe. Ruwa ya zo ja wur, ya rabu biyu a gaban Haladu, ya wuce ta damansa da hagunsa. Ya ga turmi yana juyawa a kan ruwa, ya ga rufin ɗaki da kaji a kai, ya ga wata mata ta ɗaga jariri sama da hannu biyu har hannayen suka ɓace. Ya miƙa hannu ya kamo Iya Tasalla, ruwan ya kauce da ita. Ya yi ta kiran sunan Allah yana neman ko ɗigo ɗaya ya taɓa shi, amma ko gefen wandonsa bai jiƙe ba.

Ya farka da salati a bakinsa, dardumar ta jiƙe da gumi da hawaye. Ana kiran la'asar a masallacin ma'aikata. Ya daɗe zaune yana kallon tafukan hannunsa. Ya tashi da ƙyar ya yi alwala ya yi salla, ya daɗe a sujadar ƙarshe.

Yana sallamewa aka ƙwanƙwasa ƙofa. Alhaji Lurwanu ne, babban sakataren ma'aikatar, dattijon da ya ga zuwan ministoci da tafiyarsu har ya daina mamakin komai. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗan aike daga fada yana ƙasa yana jira."

Haladu ya zauna a tebur ya jawo takardar. Bai sa hannu a inda aka ja layi ba. A tsakiyarta, a kan rubutun kanta, ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa bangon nan yana fitar da ruwan laka, ana cinsa ta ciki, in aka rufe ƙofofi zai karye a kan mutanen Kwarin Gawo. Ya buɗe aljihun tebur ya lalubo tsohon hatiminsa na injiniya, wanda rabonsa da shi tun kafin ya zama minista, ya buga a ƙasa.

Alhaji Lurwanu ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa. "Ranka ya daɗe, ka san abin da wannan yake nufi. Gobe war haka wani ne a kujerar nan. Za a buga masa sabuwar takarda, ya sa hannu ko karantawa bai yi ba."

"Na sani, Alhaji. Ka sa a yi kwafinta, ka ajiye ɗaya a fayil, duk wanda ya zo ka ɗora masa a gaba kafin ya zauna. Kada ya ce ba a gaya masa ba."

"Zan yi. Amma ba zai hana su rufe ƙofofin ba."

"Wataƙila ba zai hana ba." Haladu ya ajiye makullin motar gwamnati a kan tebur, ya ɗauki na tsohuwar motarsa. "Mutanen can ba takarda ce ta zaunar da su ba, bakina ne. Ka samo mini lasifika a sito. Can zan kwana yau, can zan yi ta kwana har na ƙarshensu ya hau tudu."

Dattijon ya bi shi da kallo har bakin ƙofa, tausayi ya kama shi. Ya ce, "Mutanen da suke ganin girmanka haka, ranka ya daɗe, in ka je me za ka ce musu?"

Haladu ya tsaya riƙe da marfin ƙofa, idanunsa suka sake cikowa. Ya ce, "Zan roƙe su, don Allah, su daina yarda da ni."